Dunƙulen Ƙarshe

Inna mai saƙa tana da wani ciwo da ba a sayar da maganinsa a kemis: ba ta iya wuce shagon zare. Ko gishiri ta fita saye, sai ta dawo da ulu kala biyu da guntun yadi, gishirin kuwa sai gobe. Ƙarƙashin gadonta kwalaye ne, saman durowa kwalaye, har akwatin kayan aikin mijinta ta taɓa cusa wa ƙyallaye. Abin haushin shi ne, duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa kai dunƙulen zare ɗaya ƙarshe ba. Ta saƙa hula, ta saƙa safa, ragowar ya koma kwali, ita kuma ta koma shago.

Mijin nata gyaran keke yake yi a bakin titi, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsokana. Zaren shago yakan harɗe idan ana ja, Inna kuwa ba ta da haƙurin warwara, don haka tun farkon aurensu ya ɗora wa kansa wannan aikin. Idan ya dawo da yamma ya wanke baƙin mai daga hannunsa, sai ya zauna a bakin ƙofa ya sake naɗe mata sabon zaren, ya zama dunƙule mai tauri kamar lemo. Yana naɗi yana mita.

"Ke fa kwali kike ciyarwa," yakan ce. "Mu mutanen gida sai dai mu gani da ido."

Wata rana ya durƙusa neman takalminsa a ƙarƙashin gado, kwali ya kife, dunƙule suka watsu har tsakar gida. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Uwar yara, alkawari ɗaya nake so. Kada ki ƙara sayen zare ko yadi sai kin cinye na gidan nan."

"Na yi," ta ce, tana dariya.

"Dube ni ki faɗa."

"Na ce na yi. Sai dai wani rawaya da na riga na sa mai shago ya ajiye mini."

Ya dafe kai da hannu biyu, ya fita yana salati.

Wannan rawayan a gadon asibiti ya naɗe shi. Ciwon ya shigo masa ba sallama, kafin a farga mutumin da ke ɗaga keke da hannu ɗaya ya koma sai an tallafa masa ya zauna. Ya ce zaman banza zai kashe shi kafin ciwo, ta kawo masa zaren. Ta kawo, ta fita karɓo magani, layi ya yi tsawo. Da ta dawo ta tarar har ya fara, yana jingine da matashi cikin doguwar rigar nan ta marasa lafiya. Aikin da yakan gama kafin ruwan shayi ya tafasa, sai da ya kwana yana yinsa ya wuni. Ya miƙa mata ya ce, "Ga shi. Daga wannan na ajiye aiki." Bai daɗe ba ya rasu.

Alkawarin da ta yi tana dariya, shi ya zo ya zauna mata a ƙirji. Ta daina bin layin shagon zare gaba ɗaya, gara ta zagaya ta bayan tashar mota ko da rana na dukanta.

Ta fara da wani shuɗi, ta saƙa wa ɗan maƙwabta rigar sanyi. Dunƙulen ya yi ta ƙanƙancewa, ya koma kamar ƙwai, ya koma kamar goro, ta ja na ƙarshe sai ta ji ƙaran abu a siminti. Noti ne, ƙarami, irin na birkin keke. Ta ɗauka tana juyawa, ta rasa ta inda ya shiga zarenta. Can sai ta gane. Ashe mutumin nan ba ya fara naɗi sai ya sami abin da zai naɗa a kai, kuma duk abin da hannunsa ya tarar a aljihu shi ke nan. Shekara da shekaru yana yi a gabanta, ba ta taɓa lura ba, domin ba ta taɓa ƙarar da zare ba. Ta zauna a ƙasa da notin a tafin hannu ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.

Daga nan saƙa ta zama mata kamar haƙar rijiya. Ƙwarashin saƙarta bai ƙara hutawa ba. Yaran layin duk suka sami huluna, har waɗanda ba su nema ba, har waɗanda uwayensu ba sa gaishe ta. Yadin ba ta ji tausayinsa ba, tunda babu kowa a cikinsa: ta yanka ta ɗinka rigunan matashi da labulen kicin da jakunkunan cefane, ta rarraba. Amma zare, kowane dunƙule da abin da yake kawo mata. Marfin kwalba. Guntun fensir da ya ciccije. Ƙwallon dabino. Maɓallin rigarsa mai ruwan ƙasa, wanda ta yi wata guda tana gaba da mai wanki a kansa. Sai kuma makullin kwaɗon ɗakin ajiya, wanda suka fasa ƙofa saboda ɓatansa, shi kuma ya tsaya yana rantsuwa a hannunta ya gan shi.

"Ashe kai ne, munafuki," ta ce wa makullin, ta yi dariya har ta sarƙe, dariyar ta juye ta zama kuka.

Ta sami gwangwanin alewa tana tara su. Autarta, wadda ke aure a ƙarshen layin, duk ta shigo sai ta fara jijjiga gwangwanin ta ce, "Inna, yau me Baba ya aiko?"

Wata safiya Inna ta ja kwalin ƙarƙashin gado ta ji ya taho ba nauyi. Ta leƙa, ta ga saura kaɗan. Duk wannan gaggawar da take yi, ashe cinye shi take yi. Gwangwani yana cika, kwali yana ƙarewa, kuma abin da ya shiga gwangwani ya riga ya gama ba ta mamaki. Sai ta rage hannu. Hular da takan gama a wuni ta koma ɗaukar mako. Rawayan kuwa ta ware shi, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Takan matsa shi, ta kai kunne ta girgiza, ba ya ƙara. Wataƙila marfin kwalbar magani ne. Wataƙila auduga. Muddin ba ta buɗe ba, akwai sauran magana ɗaya da bai faɗa mata ba tukuna.

Ana nan Auta ta sami ciki, har ya tsufa. Ta shigo tana dafe da ƙugu, ta zauna a bakin gado.

"Inna, kin yi wa 'ya'yan kowa saƙa. Naki jikan fa? Bargo nake so, da zaren da Baba ya naɗe."

Wannan ba roƙon da ake ƙi ba ne. Inna ta tattara duk abin da ya rage, ja da kore da toka da wani ruwan hoda da ta daɗe tana ƙi, ta haɗa su layi-layi. Gwangwani ya ƙaru da ƙwallon boris na keke da guntun igiyar takalmi da wata ƙusa lanƙwasasshiya. Bargon ya fito da faɗinsa, sai dai gefunansa duk a nannaɗe suke kamar busasshen ganye. Dole sai an zagaye shi da baki, kuma kwali ya zama fanko.

Auta ta duba ta ce, "Ai shago bai tashi ba. Ni zan sayo, ba ke ba."

"Babanki ba yaro ba ne da za mu haɗu mu yi masa wayo."

"To ki bar shi haka, Inna. Wallahi ya yi kyau."

"Jikansa zan lulluɓe da abu guntu?"

Auta ta kalli matashin, ta kalli uwarta. Ta san abin da ke ƙarƙashi.

Kwana biyu Inna ba ta taɓa ƙwarashi ba. Ta share ɗaki, ta wanke labulen da bai yi datti ba, ta yi faɗa da mai kawo ruwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A rana ta uku da hantsi ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, daidai inda yakan zauna, ta ɗauko rawayan. Ta lallashi kanta da cewa ai ba asara ba ce gaba ɗaya: zare zai tafi, amma abin da ke ciki zai zauna a gwangwani.

Ta zagaye gefe ɗaya, ta zagaye na biyu. Naɗin waje sako-sako ne, na mutumin da ƙarfi ya ƙare masa. Da ta yi ciki sai ya fara tauri, irin nasa na da. Auta tana kicin tana ɗauraye kwanuka. A gefe na huɗu dunƙulen ya koma ɗan mitsitsi a cinyarta, kuma har yanzu ba nauyi. Inna ta ajiye ƙwarashi ta ɗaga shi ga haske.

Babu komai a ciki. Rami ne kawai, zagaye, zaren ya riƙe siffarsa.

Ta daɗe tana kallo kafin ta tuna rigar asibitin nan. Ba ta da aljihu. Ya laluba bai sami noti ba, bai sami marfi ba, sai ya naɗa a kan babban yatsansa ya zare.

A hankali ta zura nata yatsan. Ya shige har da sauran wuri, kamar yadda hannunta kan ɓace a cikin nasa. Ta zauna haka, rana tana hawa ƙafarta, ba ta motsa ba. Wannan ba abin da za a sa a gwangwani ba ne. Ta auna abin da ya rage na bakin bargon da ido, kusan taƙi guda. Ta auna zaren da ke yatsanta. Daidai suke, kamar ya sani.

Ta zare yatsan. Ta ɗauki ƙwarashi, hawaye na hana ta ganin idon saƙar, ta ja. Ramin ya lotsa, ya miƙe ya zama zare kamar kowane zare, ya shige bakin bargo.

Auta ta fito tana goge hannu da zani, ta ga an ɗaure ƙarshe, ta yi murna. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin, ta buɗe marfin ta miƙo.

"To, Inna, me Baba ya sa a wannan?"

"Yatsansa ya sa."

Auta ta duba tabarma, ta duba cinyar uwarta. "Yana ina?"

"Na ja," in ji Inna. Ta ninke bargon ta ɗora mata a kan cikin. "Rufe gwangwanin, Auta. Ba sauran abin da zai aiko."