Reshen da Ke Kiran Chiemeka

…ga shi ta sake tsayawa a wuri guda. Jan rubutu a fuskar kwamfuta: ba a samu fayil ɗin Chiemeka ba. To ai na sani! Ni ɗin na same shi ne?

Jibi zan kare aikin nan a gaban malamai, Chiemeka — aikinmu na gama jami'a, kwamfailar da ke karanta manhaja ta mayar da ita yaren na'ura. Manhaja ɗaya, fayiloli da yawa, kowanne sai ta tsara shi kamar bishiya: umarni ne rassa, kalmomi ganye. Ni na ce a zube su duka wuri guda a huta. Ka ƙi. Taurin kai! "Naziha, kowane fayil ya tsaya da ƙafanshi, kututture ɗaya ya riƙe su. Wanda yana bukatan wani, ya kira sunanshi kawai." Da Hausar nan taka ta Jimeta. Ina dariya, kana cinye mini ƙosai…

Sai ka bar reshe guda yana kiran fayil ɗin da ba ka rubuta ba tukuna. Har da sa masa sunanka, don iyayi. Ka ce gobe. Ka ce bari ka taya babanka tsaron shago a kasuwa—

Har unguwarmu Bekaji muka ji ƙarar bam ɗin da ya tashi a kasuwar. Tagar Inna ta girgiza. Na ɗauka taya ce ta fashe. Wallahi taya na ɗauka.

Dokta Bawa, mai duba aikin, ya ce in sare reshen in rubuta nawa. Gaskiyarsa. In ban sare ba, bana ma babu digiri. Kuma mene ne a ciki? Kafin la'asar zan iya gamawa. Tun bara na iya, wa nake yaudara?

Ba ka dawo ba, iyayenka kuma sun koma garinku. Shagon, katifa ake sayarwa a ciki yanzu. Babu mai cigiyarka a Jimeta, sai wannan aba — kullum na kunna ta, ta bi bishiya reshe-reshe, ta iso nan, ta tsaya, ta neme ka. Ba ta san an daina ba.

In na sare, za ta wuce lafiya lau. Ba za ta ƙara tsayawa ba…

Ga kiran la'asar. Yatsana na kan maɓallin gogewa. Na gaji, Chiemeka, na gaji — amma in na danna, wa zai ci gaba da nemanka?