Tafin Hannu a Bangon Arewa

"Malam, ajiye littafin nan. Ba karatu na kira ka ba."

Abenicio ya rufe littafin, amma ya bar yatsansa a ciki. Maƙwabciyarsa Eufemia tana kwance cikin bargo a tsakiyar zafin Yuni, carbi naɗe a hannunta. Fada, limamin coci, ya zo da safe ya shafa mata man addu'ar ƙarshe ya tafi. Ta taga ana jin ƙarar shebur da surutun mata. Makon yaɓen coci ne, duk ƙauyen yana can cikin laka.

Tun da aka binne matarsa Clorinda bai sake taka harabar cocin ba. Ya san shekarar da kakanni suka aza tubalin farko, ya san wanda ya sassaƙa waliyyan da ke bayan bagade, ya tsufa yana koya wa yara wannan. Amma cewa yake, Ubangijin ɗakin ya ɗauke masa mata, ba zai je ya yi masa yaɓe kyauta ba.

"Bangon arewa rabon gidanku ne," in ji ta. "Ni nake yi muku tun da Clorinda ta tafi."

"Ban aike ki ba."

"Wa za ka aika, kai da ko karenka ba ya amsa kiranka?" Tari ya tsayar da ita. "Saurara. Shekararta ta ƙarshe, da muka gama, ta danna tafinta a ɗanyar laka, can ƙasa. Kowa yana yi, baɗi a rufe. Ni na kasa rufe nata. Kowace shekara sai in zagaye shi."

"To?"

"To bango ya yi ta kauri, wurin ya zama rami. Ruwa yana kwana a ciki. Bara na sa yatsa, na ji tubalin kamar kwaɓin burodi. In ruwan Yuli ya same shi haka, kusurwar za ta zube. Kuma ta ciki, nan siffar Uwa Maryamu take tsaye."

"Bangon da ya tsira daga gobara da kwamitin coci, ashe tausayi ne zai kayar da shi. Ki gaya wa jikanki. Aikin dunƙule biyu ne."

"Ba zan bari a toshe mata hannu kamar ramin ɓera ba. Kai za ka rufe."

"Shekarun nan duk kin ɓoye mini."

"A fili yake, Malam. Kai ne ba ka zo ba."

Ta nuna masa fatar tunkiyar da ke rataye bayan ƙofa, wadda take goge yaɓe da ita. Ya ɗauka don kada a ce ya yi wa mara lafiya musu. Bai je ba ranar. Ya koma gida, ya karanta shafi ɗaya har rana ta faɗi.

Da safe yana shan kofi ƙararrawar coci ta fara, a hankali, bugun da ake yi in mace ta rasu.

A harabar cocin ya iske matan a tsaye, laka har gwiwar hannu, suna yin alamar gicciye a ƙirji. Ba wadda ta tambaye shi me ya kawo shi. Ɗaya ta turo masa bokiti da ƙafa.

Sai da ya durƙusa ya gan shi. Ƙaramin tafi ne can cikin ramin, ɗan yatsan ƙarshe a karkace, inda ƙofar rumbu ta taɓa datse ta. Ya sa hannunsa a kai. Akwai sanyi da danshi.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗebo laka da ciyawa ya cusa, ya ƙara, ya danna da tafi har wurin ya daidaita da sauran bango. Ya jiƙa fatar Eufemia ya goge.

Zuwa azahar rana ta busar da wurin, sai ɗan duhu a tsakiya da bai gama shanyewa ba.