Rumbu Mai Kwaɗo

Shekara tara Maiwada ya yi yana aikin boyi a Magarya, a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Ranar da ya dawo ƙauyensu kusa da Dogo-Dogo, ya zo wa matarsa Turai da akwatin ƙarfe kore, mai nauyin da sai da jaki ya yi nishi. Matan unguwa suka cika ƙofar ɗaki, kowa na jiran ganin atamfa. Aka buɗe. Zarto ne, da guduma, da magogin katako, da ƙusoshi cikin gwangwani, da wata sandar awo mai naɗewa, sai wani guntun itace mai 'yar kwalba a ciki, ruwa da kumfa ƙwaya ɗaya. Matan suka ce Allah ya sa albarka, suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba su kai zaure ba aka ji dariyarsu.

Baturen nan, mutanen Magarya Mushe Zarto suke kiransa, Mushe kuwa shi ne malam a bakin Faransawa. Duk ranar Lahadi sai ya tuɓe ya rage gajeren wando, ya fito baranda yana yankan katako, yana haɗa tebura da kantoci waɗanda ba wanda ya roƙe shi. Aikin Maiwada shi ne ya riƙe ɗaya gefen katakon kada ya motsa. To, mutum ya shekara tara yana riƙe gefen katako, sai ya wayi gari yana jin shi ma gwani ne. Da Bature zai koma ƙasarsu akwatin ya yi wa mota nauyi, ya bar masa. A bakin Maiwada kuwa labarin ya zama wani abu dabam: wai Mushe ya duba Magarya kaf bai ga hannun da ya cancanci kayan ba sai nasa.

Ya fara da yi wa Turai kujerar tsugunno mai ƙafa huɗu da ƙusa goma sha shida. Ta zauna sau ɗaya ta yage mata zane. Ya yi tebur, ya ce a riƙa cin tuwo a kai. Ba wanda ya ci, awaki suka mayar da shi wurin hawa. A ganin Turai namiji da zarto ya fi namiji da karta, tunda dai yana gida kuma ana ganin abin da yake ɓatawa.

Sai kaka ta zo, shekarar ta yi kyau. Gonar gandu ta ba da gero dami sittin da 'yan kai, ga tsohon rumbun zana ya ruɓe, dole a yi sabo. Baba Maina, ƙanin mahaifin Maiwada, wanda duk rumbun da ke unguwar da hannunsa a ciki, ya zo da safe ɗauke da gamba a kai, ya ce a fara neman duwatsun da za a ɗora gindi.

"Baba, ku huta," in ji Maiwada. "Bana rumbun zamani zan yi. Almuwar."

"Al me?"

"Almuwar, irin na ɗakin Mushe. Katako, da ƙofa, da kwaɗo. Ɓera ba shi shiga, ɓarawo ba shi shiga."

Baba Maina ya sauke gambar a hankali. "Gara fa?"

"Gara ba ta cin abin da aka shafa wa fenti."

Kwana ashirin yana aiki. Ya kwaso akwatunan sabulu da na kananzir daga bayan kantunan Magarya, jaki uku, ya ɓalle su, ya goge, ya auna, ya sake aunawa, fensir maƙale a bayan kunne ko da yake ba ya rubutu. A faɗi gaskiya, abin ya fito. Tsayinsa ya wuce mutum, kusurwa huɗu cif, rufin kwano a sama. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Dungas, Maiwada yana tsaye a gefe yana cewa "Wala!" kamar yadda ubangidansa yake cewa.

Wurin kafawa ne aka samu matsala. Baba Maina ya sa an kawo duwatsu tara duk da ba a tambaye shi ba. Aka ɗora rumbun a kai, Maiwada ya aza guntun itacen nan mai kwalba, wanda yake kira nibo, sai kumfa ta gudu gefe. Aka juya dutse, ta gudu ɗaya gefen. Tun hantsi har azahar kumfa ta ƙi zama tsakiya.

"A cire duwatsun," ya ce.

"Kai Maiwada! Rumbu a ƙasa?" Baba Maina ya riƙe baki. "Ina kaji za su shiga su tsince gara? Ina za a zuba toka? Tun da aka haife ka ka taɓa ganin rumbu zaune da gindinsa kamar kuturu a kasuwa?"

"Na Mushe a ƙasa yake, Baba. Shekara tara ina share shi."

Haka ne, a ƙasa yake. Sai dai ƙasar ɗakin Mushe siminti ce, kuma kowace ƙafa ta almuwar ɗin tana zaune cikin gwangwanin kananzir. Maiwada ya fi kowa sanin wannan, domin shi ne mai zuba kananzir ɗin duk Asabar. Amma wannan aikin boyi ne, shi kuwa ya bar boyi, yanzu mai sana'a ne. Aka share yashi, aka daddale, aka sauke rumbu. Kumfa ta zauna a tsakiya daram. Aka jera dami sittin a ciki har da zangarniyar da aka zaɓa don iri, ya shafe waje da koren fenti, ya datse kwaɗo, ya rataya makulli a wuya tare da layarsa.

Ga yadda gidan manomi yake tafiya a ƙasar nan. Rumbun gandu na maigida ne. In an rufe shi da kaka, ba a sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka, domin shi ne abincin damina, lokacin da kowa ke duƙe a gona kuma hatsi ya yi wuya. Da rani kuwa mace ce ke ciyar da gida daga ɗan abin da ta noma a gayaunarta. Kuma mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Wadda ta leƙa, an ce ta kore albarkar gida, kuma za a yi da ita a bakin rijiya har ta tsufa. Saboda haka Turai ta buɗe ɗan rumbunta na zana, ta shiga auna wa bakin mutum biyar, ita da shi da 'ya'yansu mata uku, tana lissafin ya kai su faɗuwar ruwa. Daga nan sai abin da ke bayan kwaɗo.

Wata biyu da rufewa, tana shara, ta ga wani siririn layin jar ƙasa ya taso daga yashi ya hau bayan rumbun, bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Ta kankare da farce. Washegari ya dawo, ya zo da 'yan'uwansa biyu.

Ta jira ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce, "Maigida, na ga hanyar gara a jikin rumbu."

"A waje ko a ciki?"

"Ina na ga ciki?"

"To, kin gani. A waje take, tana neman ƙofa ta rasa." Ya tashi ya ɗauko ragowar fenti, ya bi layukan ya shafe su tas, ya ja da baya yana kallo. "Wala."

Da bazara ta kama, wata rana da tsakar rana gari ya yi tsit, Turai ta manna kunne a jikin katakon. Ta ji wani ƙaramin sauti a ciki, ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan busasshen kara. Ta daɗe a tsaye. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Ta ja mayafi ta tafi gidan Baba Maina, ta durƙusa daga nesa ta gaya masa.

Tsohon ya zo da la'asar, ya ƙwanƙwasa rumbun da sandarsa, ya saurara, ya ce, "Ɗana, buɗe mu gani. In an fitar yanzu a shanya, za a tsira da rabi."

Maiwada ya dafe makullin a ƙirji. "Haba Baba! Ku da bakinku kuka koya mana ba a buɗe rumbun gandu sai ruwa ya sauka. Yau ni za ku sa in karya al'ada?"

Ka ji mutum. Ya zubar da duwatsu, ya kori kaji, ya hana toka, amma al'ada ɗaya da ta yi daidai da girman kansa ya rungume ta hannu biyu. Baba Maina ya dube shi, ya dubi Turai, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi.

Ranar kasuwar Guci Maiwada ya tafi neman ƙusa. Turai ta ɗauki taɓarya ta tsaya gaban kwaɗon. Bugu ɗaya zai isa. Ta ɗaga, ta ji muryar maƙwabciyarta Hinda ta bayan danga tana kiran kaji, sai ta tuna bakin rijiya, ta tuna tana da 'ya'ya mata uku da za a nema wata rana a ce uwarsu ce ta fasa rumbun miji. Ta sauke taɓaryar, ta koma turmi, ta yi dakan ranar tana hawaye. Ta ji haushinsa, ta fi jin haushin kanta.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata, ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. A ranar Turai ta kakkaɓe gindin rumbunta, abin da ya fito bai cika ƙwarya ba. Da gari ya waye Maiwada ya sa farar riga, ya aika a kira maza su zo su ga yadda ake ajiyar hatsi a zamanance. Suka zo da sungumi a kafaɗa, kowa na sauri ya tafi gona. Mata suka jeru a bayan danga.

Ya cire makulli daga wuya, ya yi bisimilla, ya murɗa. Kwaɗon ya buɗe lafiya lau, kayan Faransa ne. Ya ja ƙofa, sai ƙofar ta biyo hannunsa gaba ɗaya, ba nauyi, ta ruguje a kan farar rigarsa. Fenti ne kawai a tsaye, katakon da ke bayansa an daɗe da cinye shi. A ciki kuwa, daga ƙasa har kusa da kwano, jar ƙasa ce a daskare, mai ramuka, gara fara tas tana ta kai da kawowa. Nan da can kana ganin siffar dami, ka taɓa ya zama gari.

Ba wanda ya yi dariya, kuma rashin dariyar ya fi ciwo. Wani ya ce inna lillahi. Maiwada ya tsaya baki buɗe, sannan, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba, ya laluba aljihu ya fito da nibo ya aza a kan abin da ya rage na dokin ƙofa.

"Bai dai karkace ba," ya ce a hankali. "Ku duba. Tana tsakiya."

Ba wanda ya duba. Maza suka saɓa sungumi suka fita, don ƙasa ba ta jiran kowa ta bushe.

Turai ce ta ratso ta gabansu. Ba ta nemi izini ba. Ta shimfiɗa tabarma a bakin rumbun da aka ce mace ba ta leƙawa, ta zura hannu har kafaɗa, ta ɓaɓɓako ƙasar, ta murje, ta zuba a faifai tana bakace. Hinda ta zagayo da nata faifan ba tare da an kira ta ba, wasu mata biyu suka biyo ta. Kaji suka samu biki. Tun safe har rana ta karkata suna yi, kuma daga dami sittin abin da suka tsamo tiya uku ne da rabi, ƙwaya ƙwaya, ja da ƙasa. Ba abinci ba ne. In Allah ya so, iri ne, shi ma na rabin gona.

Maiwada yana tsugune a inuwar teburinsa duk wunin. Da ya ga an gama ya taso, ya share murya.

"Turai, kawo in adana. Zan haɗa ɗan akwati, wannan karon in..."

Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfen nan kore har tsakar gida, ta kifar da shi. Zarto, guduma, magogi, ƙusoshi, duk suka zube a yashi. Ta goge cikinsa da gefen zane, ta juye geron a ciki, ta rufe. Sannan ta je ta tsinci kwaɗon daga cikin tarkacen ƙofa, ta datse akwatin, ta miƙa masa tafin hannu.

Ya dubi hannun. Ya dubi Baba Maina, wanda ya dawo daga gona yana tsaye a bakin zaure, ko zai ce wani abu game da al'ada. Tsohon ya sunkuyar da kai yana cire ƙaya daga takalminsa.

Maiwada ya ba ta makullin. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ƙulli biyu.

"Maigida," ta ce, "gobe da asuba za mu shuka wannan. Jibi Baba yana neman mai riƙe masa gefen zana, zai biya da hatsi. Ka iya riƙe gefe."