Jan Biron Madam Philomena

"Ba wannan ba, Bintu. Na sama. Sauko da shi."

Ina tsaye kan kujera ina laluben ƙusar da ke riƙe da firam ɗin. Madam Philomena tana kwance a gadonta, ƙafafu sun kumbura suntum, numfashi yana fita da ƙyar, amma bakin nan yana nan yadda na san shi shekara talatin da takwas.

"A hankali! Za ki fasa mini gilashi."

"Madam, in na faɗo na karye fa?"

"Sai a kira mai ɗori. Wannan kuwa babu inda za a sake samo ta."

Takardar shaidar malanta ce, Grade II, wadda ta samu a 1974 daga Kwalejin Horar da Malamai Mata ta Umudala, can ƙasarsu a kudu. An rufe kwalejin tun zamanin soja, ta ce yanzu rogo ake shanyawa a filin. Da wannan takarda ta zo Kano, da ita ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare, rabi a Sabon Gari, rabi a Fagge. Ɗakina yana kallon nata a gidan hayar da muke, inda titi ɗaya ya raba mu da Fagge. Ni turaren wuta nake haɗawa ina sayarwa, sana'ar da na gada wajen kakata 'yar Barno.

Ta sa na juya firam ɗin na zare kwalin baya. Sai ga wani ɗan littafi mai ruwan gwal ya faɗo. Na gane shi, littafin bikin auren ɗanta ne, Onyedika, wanda muke ce wa Dika.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Dika ya auri Munachi, 'yar wani farfesa a Abuja. Gida ne da kowa yake da digiri, kuma ba kowane digiri ba. In ba jami'ar Ibadan ko ta Nsukka ko Ingila ka yi ba, sannu kawai za a ce maka. Kai, ba sai an je gidan farfesa ba ma. Mijina Malam Kyari, da ko sakandare bai ƙarasa ba, yana da nasa jerin: jami'ar tarayya a sama, sai ta jiha, sai poli, kwalejin ilimi kuwa ta waɗanda jarrabawa ta kayar ce. Duk ranar da ya fara wannan lissafi a tsakar gida sai Madam ta leƙo ta taga ta ce, "Kyari, su 'yan ta tarayyar wa ya koya musu ABCD?"

Ta buɗe littafin a shafin iyayen ango. A ƙarƙashin hotonta an rubuta wai tana da digirin ilimi daga Nsukka. Ashe tun tuni ta ja wa layin jan biro, ta rubuta a gefe abin da take rubuta wa ɗalibanta idan sun yi kuskure, wato a gyara, har da kwanan wata.

"Ranar bikin na gani," in ji ta. "Na yi shiru, don kada in kunyata yarona gaban surukai. Na haɗiye. Har yau yana nan a maƙogwarona."

"To Madam, ai ya wuce."

"Bai wuce ba. Zai sake, a fosta."

Mu idan mutum ya rasu, a wanke shi, a sallace shi, a kai shi, shi ke nan. Su kuwa sai an buga fosta da hoton mamaci da sunansa da duk muƙamin da ya taɓa riƙewa, a liƙa a bangon gida da ƙofar coci da jikin motar da za ta kai gawa ƙasarsu. Abin da aka rubuta a fostar nan shi ne abin da garinsu zai riƙe.

"Ina raye na bari an yi mini ƙarya," ta ce. "Kada ki bari a yi mini ina kwance. A rubuta Umudala."

"Ni wace ce, Madam? Ga danginki, ga matan coci."

"Duk kunyar Dika suke ji. Ke ba kya jin kunyar kowa."

Na ce ban gane ba, yabo ne wannan ko zagi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta kama hannuna ta riƙe, ba ta saki ba sai da na ce na yi alkawari. Ta ce in tafi da firam ɗin da littafin ɗakina.

Kwana tara ta ƙara. Ranar Alhamis bayan la'asar, matan coci uku suna mata waƙa ƙasa-ƙasa, ni ina jiƙa mata leɓe da cokali, sai ta ɗan juya kai wajen bangon da firam ɗin yake a da. Shi ke nan. Ni na rufe mata ido. Na fita tsakar gida na zauna kan turmi na yi kukan da ko ranar rasuwar mahaifiyata ban yi ba, don lokacin ina yarinya, ban san abin da na rasa ba.

Dika ya iso washegari, ya bar matarsa za ta taho da iyayenta ranar Litinin, ranar taron addu'a. Ya rame, ido ya yi ja. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausarsa ta Sabon Gari, tas da ita. Yaron da na goya a bayana ne, ban ga baƙo ba.

Ranar Asabar da safe ya gan ni da mayafi zan shiga kasuwa.

"Anti Bintu, don Allah ki biya shagon Ifeanyi mai buga takardu, ki karɓo mini samfurin fosta in duba kafin a buga sauran."

Ya san ni tun ina dangwala yatsa a madadin sa hannu. Abin da bai sani ba, shekarun da yake makarantar kwana uwarsa ta zaunar da ni a tabarma kullum da yamma, ni da na riga na haifi 'ya'ya huɗu, ta koya mini karatu har da na Turanci, don in riƙa rubuta sunan turare a jikin kwalba da kaina. Ta doke mini yatsu da rula ba sau ɗaya ba.

A shagon Ifeanyi, bayan Kasuwar Sabon Gari, janareta yana ta ɓaɓatu. Ya miƙo mini fostar. Ga Madam da ɗaurin ɗankwalinta mai tsayi, tana kallona kamar na makara zuwa aji. Na ɗora yatsa na fara bi. Sunanta daidai. Shekarunta daidai. Layi na uku, Nsukka.

"Ifeanyi, kada ka buga wannan."

"Hajiya, ni abin da aka turo mini nake bugawa."

"Madam ta koyar da kai?"

"Aji uku."

"Ka taɓa jin ta ce ta yi Nsukka?"

Ya sosa ƙeya. "Umudala dai. Kullum Umudala, har waƙar makarantar ta koya mana."

"To?"

"Hajiya, ni ba zan canja aikin mutum ba da izininsa ba. Amma injina yana iya yin ciwo zuwa gobe."

Na ce Allah ya ƙara masa ciwo. Na fasa sayayyar, na tari adaidaita na koma gida.

Na sami Dika shi kaɗai a ɗakin uwarsa yana ninke zannuwanta. Na shiga da fostar a hannu ɗaya, firam a ɗaya, na tura ƙofa.

"Dika, akwai kuskure a layi na uku."

Ya dubi firam ɗin, ya dube ni. "Ifeanyi ne ya gaya miki?"

"Uwarka ce ta gaya mini. Ta ce a rubuta Umudala."

Ya zauna bakin gado ya dafe kai. "Anti, ba ki san mutanen nan ba. Ranar da na fara zuwa gidansu, kafin a ba ni ruwa an tambaye ni inda na yi karatu. Na ce jami'ar jiha, da ƙyar suka haɗiye. Sai uban ya ce, mahaifiyarka fa, an ce malama ce? Kowa ya zuba mini ido. Bakina ya ce Nsukka. Shekara goma sha ɗaya haka suka sani. Matata ma haka ta sani. Yanzu in ce musu me?"

Wallahi ya ba ni tausayi. Na ji kamar in ce a bar shi, wadda ta tafi ta tafi. Amma hannuna bai manta riƙon da ta yi masa ba.

"Ka ce musu ka yi ƙarya kana yaro."

"To a cire maganar makaranta gaba ɗaya. Kowa ya huta."

"Ba cirewa ta ce ba. Rubutawa ta ce."

Sai ya miƙe, murya ta canja. "Anti, da girmanki, wannan maganar dangi ce."

"Haka ne. Fostarka ce, uwarka ce. Ba zan yaga ba, ba zan yi maka ihu a layi ba. Amma ranar Litinin zan zauna a sahun gaba a ƙarƙashin rumfa da firam ɗin nan a cinyata. Duk wanda ya tambaya, ko farfesa ne, zan karanta masa."

"Ki karanta?"

Na ɗaga firam ɗin na sa yatsa a gilashin. Na karanta masa tun daga sunan kwalejin har sa hannun shugabar, da Turancina mai ɗingishi, ban tsallake kalma ɗaya ba. Ya saki baki.

"Wa ya koya miki?"

"'Yar Umudala. Ita ta koya wa Ifeanyi, ita ta koya wa rabin masu shaguna a Fagge, ita ta koya maka kai da ka je jami'ar. Ni ban san wace makaranta ce babba ba, Dika, ban shiga ko ɗaya ba. Wannan dai ita ce tata."

Na zaro littafin bikin na buɗe shafin na ajiye masa a gado. Ya ga jan biron. Ya ga kwanan watan, washegarin ɗaurin aurensa. Ya daɗe yana kallo, bai taɓa ba. Na fito na ja masa ƙofa.

Ranar Lahadi bai ce mini komai ba, ko gaisuwa. Malam Kyari ya ce na cika shisshigi, ina ruwana da fostar mutane. Na ce masa ya je ya ci gaba da jera jami'o'insa. Na goge gilashin firam ɗin, na fito da mayafin da zan sa, na ajiye su wuri ɗaya. Ban taɓa tsayawa gaban farfesa ba.

Litinin da hantsi Munachi ta iso, iyayenta suka sauka a masauki. Dika ya ja ta ɗaki. Sun fi awa ɗaya, muryarsa kawai nake ji ƙasa-ƙasa, sai can tata ta ɗaga sau ɗaya ta koma. Ta fito fuska a ɗaure ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ana kafa rumfa a layi sai ga Dika ya shigo da damin fosta a kafaɗa da bokitin sitaci. Ya dire su a ƙofar ɗakina. Bai dube ni ba.

"Ke kika san inda ya kamata a liƙa," ya ce, ya juya.

Na zaro ɗaya na fita ƙofar gida. Na shafa sitaci a bango, daidai inda Madam take ajiye kujerarta da yamma, na manna, na bi gefe-gefe da tafin hannu. Masu rumfa suna ta buga ƙarafa, wani mai adaidaita ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Allah sarki, Madam!" ya wuce. Na ɗora yatsa a layi na uku na bi shi harafi-harafi, yadda ta koya mini, har na kai ƙarshen Umudala. Takardar da sauran danshi, shuɗin tawada ya ɗan kama mini yatsa.