Teburin Eilert Mai Gajeriyar Ƙafa

Sau biyu a shekara ake fid da tarkace a garinmu, ɗaya da bazara ɗaya da kaka. Kowa ya fito da tsofaffin kujeru da gadaje da kabad ya jera a bakin titi, washegari motar shara ta zo ta haɗiye. Ni kuwa tun da la'asar nake fita da kekena da 'yar amalanken da nake ɗaura masa a baya. Ba na ɗaukar abu sukutum. Ƙafar kujera nake so, da aljihun tebur, da marfin kabad. Aljihun tebur shi na fi so, don in ka jawo shi ka sunkuya za ka ji iskar gidan da ya fito tana nan ba ta gama fita ba. Akwai wanda na taɓa samu yana ƙanshin kirfa, na ajiye shi shekara bakwai ban yi komai da shi ba.

Sunana Okko. Aikin ganuwar da ke tare ruwan teku na yi har ƙarfina ya ƙare, makaranta kuwa ban daɗe a cikinta ba. Aikin kafinta ma babu wanda ya koya mini. Ina dai haɗa allon gado da ƙafafun kujera ya zama benci, ko in jera aljihuna a bango su zama kanta. Mutane suna karɓa, wasu don suna so, wasu don kunya. Abin da kowa ya sani shi ne duk abin da na haɗa sai ya yi rawa.

Wanda ya fi kowa faɗin haka shi ne Eilert, maƙwabcina. Shekara arba'in ina shan shayin ƙarfe uku a kicin ɗinsa, tun matarsa Gesine tana da rai har bayan ta rasu. Ni ban taɓa aure ba, gidana kuma ba mai shigowa sai mai duba mitar ruwa.

"Moin, kafintan guragu," haka yake tarbata da gaisuwar garinmu. "Yau kuma wace kujera ka karya wa ƙafa?"

"Kai dai zuba shayi, tsoho. Naka teburin wa ya karya masa?"

Don nasa teburin ma rawa yake yi. Katakon itacen oak ne mai nauyi, amma ƙafar da ke kusurwar da yake zama ta gaza sauran da kamar kaurin farce biyu. Gesine takan naɗe kwali ta cusa a ƙasa, kwana biyu kwalin ya ɓace. Sau nawa na ce bari in gyara, sai ya ce in na taɓa teburin nan sai dai a ci abinci a ƙasa.

A farkon kakar bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun hagu ya mutu, idanunsa da tun da can suka yi rauni suka ƙarasa dushewa. 'Yarsa Hilke ta zo daga birni ta kai shi gidan tsofaffi, tafiyar minti arba'in a bas. Da ranar tarkace ta zagayo sai na ga kicin ɗin Eilert gaba ɗaya a bakin titi, yayyafi yana sauka a kai. Teburin yana kife, ƙafafunsa huɗu a sama kamar saniyar da ta mutu a fadama.

Hilke tana tsaye a bakin ƙofa da buhun shara a hannu.

"Kawu Okko, kada ka dube ni haka. Ɗakin da aka ba shi ko juyawa da ƙyar ake yi. Sun ce abu ɗaya za a kawo, kuma kada ya wuce faɗin taga."

"Ya jikin nasa?"

Ta ajiye buhun. "Ba ya ci. Cokali biyu, uku, ya ture. Shayi ma ba ya sha. Kafin a zuba sai ya laluba ya ɗauki cokali ya saka a kofin."

Na gane nufinsa. A wajenmu kofi uku ake sha, in ka gama na ukun ka tsayar da cokali a ciki, ka ce ka ƙoshi ke nan, babu mai ƙara maka. Ban taɓa jin wanda ya saka cokali a busasshen kofi ba.

"Su zuba masa mana," na ce.

"Ka zuba a kan cokali, Kawu? Matar da ke kula da shi 'yar nan ce, hannunta ba ya iya yi. Ni ma na ɗaga butar na kasa. Likita ya ce in aka ƙara mako biyu a haka asibiti za a mai da shi, a sa masa roba ta hanci."

Na san Eilert. In aka sa masa robar nan ba zai dawo ba. In kuma bai dawo ba, to ƙarfe uku ta mutu a wajena, sai dai agogo ya buga ta wuce.

Na ce ta taya ni ɗora teburin a amalanke.

Kwana biyar na yi a kansa. Na auna faɗin taga kamar yadda Hilke ta faɗa, na yanke kusurwar Eilert da zarto, da ƙafarta da aljihunta. Ban goge saman ba, ban sa fenti ba. Na bar baƙin zagayen da kaskon ɗumama buta ya ƙona, na bar lotsawar da gwiwar hannunsa ta yi a gefe, har tabon kakin kyandir na bari. Saura ƙafa uku. Na shiga rumfar aikina na yi ta zaɓe. Ina da ƙafafu sun fi ɗari a rataye, kuma da daɗewa na lura ƙafar kujera kamar ta mutum ce, akwai mai girman kai, akwai mai gajiya. Na ɗauko biyu daga teburin wata malamar makaranta, ɗaya daga gadon da ban san mai shi ba.

Sai wani abu ya shige ni. Na ce sau ɗaya a rayuwata bari in yi abin da zai tsaya cak, Eilert ya taɓa ya rasa abin faɗa. Na aro ma'aunin ruwa, wanda ake gane karkata da shi, wajen mai gyaran rufi. Na yanke sababbin ƙafafun daidai da gajeriyar, na goga da sanfefa, na auna, na sake gogawa. Da na gama na ɗora ƙwai a kai bai mirgina ba. Na daɗe ina kallon ƙwan nan.

Ranar Talata na rungumi teburin na shiga bas. Direba ya ce, "Baba, shi ma tikiti za ka yankar masa?" Na ce ai ya girme ka.

Eilert yana zaune a keken guragu yana fuskantar taga. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai kula da shi, wata doguwa mai suna Talea, ta taya ni ajiye teburin a gabansa.

"Moin, tsoho," na ce.

"Moin." Bai ƙara komai ba. Babu kafintan guragu.

Na kama hannunsa mai rai na ɗora a kan katakon. Yatsunsa suka bi zagayen ƙunar, suka gangara gefe, gwiwar hannunsa ta faɗa cikin lotsawarta kamar ƙafa a tsohon takalmi. Na ga fuskarsa ta ɗan buɗe. Talea ta kawo buta da kofuna biyu, ta jefa dunƙulen sukari a kowanne. Eilert ya jingina da nauyinsa, ya tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ya ɗaga hannu ya sake jinginawa. Sai fuskar ta rufe.

"Na wane ne wannan?"

"Naka mana. Ga ƙunar Gesine nan."

"An dai yi ƙoƙari," ya ce. "Ka gaida mai shi." Ya laluba ya ɗauki cokali ya saka a kofin.

Talea ta tsaya da buta a hannu tana dubana. Ni ma ban iya cewa ta zuba ba. Na sha nawa ni kaɗai, kofi ɗaya, shi ma don kada a ce an dafa a banza.

Kwana uku ban shiga rumfa ba. Ragowar teburin yana kicin ɗina, na tallafe wajen da na yanke da akwatin dankali. Ranar Juma'a ƙarfe uku na dafa shayi na zauna a gefena na da, inda na zauna shekara arba'in. Iska tana kaɗa tagar baya. Ina ta tunanin banza, wai ko katako yana jin zafin zarto bayan kwana biyu kamar yadda mutum yake jin faɗuwa. Can maƙwabta suka rufe ƙofar mota, ƙwas, sai na ga hannuna ya ɗaga kofi sama da kansa.

Na dubi hannun. Shekara arba'in, duk sanda Eilert ya zo zama sai in ɗaga kofina, don da ya jingina teburin zai sunkuya wajensa, ƙwas, shayi ya zube. Sannan ya tura gwiwarsa a ƙasa ya tokare, ya ce, "To, zuba." Ba ya fara shayi sai ya ji ƙwas ɗin nan. Kwalin Gesine ma ashe ba ɓacewa yake yi ba, Eilert ne ke zare shi.

Ban jira Talata ba. Washegari na naɗe zarto a tawul na saka a jakar cefane.

Talea ta gan ni ina kife teburin a tsakar ɗaki ta riƙe ƙugu.

"Baba, me zan gani haka? Nan ba rumfar kafinta ba ce."

"'Yata, ba ni tsohuwar jarida in shimfiɗa. Minti biyar."

"Tebur mai kyau za ka lalata?"

"Ai lalatawar na zo yi."

Ta leƙa waje, ta turo ƙofa, ta miƙo mini jarida. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Na sa zarto a tsohuwar ƙafar, kaurin farce biyu daga ƙasa. Da zarton ya fara kuka Eilert ya juyo da kansa.

"Wa ke yanka?"

"Ni ne."

"Na sani. Babu mai jan zarto kamar yana yanka burodi sai kai."

Ɗan guntun ya faɗo a kan jarida kamar kwabo. Na mai da teburin gabansa, Talea ta je ta dawo da buta. Na ɗaga kofina tun kafin ya motsa. Ya ɗora gwiwar hannu a lotsawar, ya jingina.

Ƙwas.

Na ga bargon da ke cinyarsa yana motsi, gwiwarsa tana hawa a hankali har ta sami ƙasan katakon ta tokare. Cokalinsa yana gefen kofi. Hannunsa ya bi ta kansa ya wuce.

"To, zuba," ya ce.

Talea ta zuba. Sukarin ya yi ƙara a ƙasan kofi, ta zagaya da kirim ɗin madara a gefe. Ya sha a hankali, kaɗan yana bin gefen bakinsa da ya mutu.

"Kafintan guragu," ya ce. "Tebur ɗaya tak a ƙasar nan da bai shiga hannunka ba, shi ma ka bi shi har gidan tsofaffi."

"Da can ma gurgu ne."

"Gurguntarsa daban, taka daban. Ka zarce da kaɗan."

"Ban zarce ba."

"Ka zarce. 'Yan mata, akwai burodi a gidan nan ko sai an rubuta takarda?"

Ya ci rabin yanka da man shanu. Ya sha na biyu, ya sha na uku, sannan ya ɗauki cokali ya tsayar a kofin. Kafin Talea ta kwashe kayan barci ya ɗauke shi, gwiwarsa ta sauka, teburin ya koma ya sunkuya. Ta raka ni bakin ƙofa ta ce ranar Talata da Asabar ne bas ya fi dacewa da lokacin shayi. Na ce na sani.

Sauran kwana biyar na mako kuwa ni kaɗai zan yi su. A bas na sa hannu a aljihu na ji ɗan guntun ƙafar, ban san sanda na ɗauko shi ba. Da na iso unguwarmu na ga gidan Eilert an cire labule, ana ganin bangon kicin tun daga titi, da farin wajen da agogo ya bari.

Na shiga nawa kicin ɗin na zauna a gaban ragowar teburin. Hasken yamma ya kwanto a kansa a karkace, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A gefena ma akwai lotsawa, ba ta kai tasa zurfi ba, amma tana nan. Na ɗora gwiwar hannuna, ta shiga daidai.

Ina da wata ƙafa a rumfa da na daɗe ban san inda za ta ba, ta wani kabad ce, mai kai kamar albasa. Gobe zan cire akwatin dankalin in ɗaura ta. Ma'aunin ruwa kuwa na mayar wa mai shi.