Faifan Inna Zuwaira a Bayan Gilashi

Ruwan sama ne ya kora Halliru cikin gidan adana kayan fasaha na Legas, ran da ya kai lodin albasa daga Illela. Bene hawa uku, zane-zane da gumaka ɗaki bayan ɗaki, har ƙafarsa ta gaji. Yana neman ƙofar fita ya ci karo da wani faifai a bayan gilashi, an haska masa fitila. Baƙin layi ya ratsa jan da'irarsa a karkace. Mutum ɗaya ya sani mai irin wannan saƙa: Inna Zuwaira, ƙanwar mahaifiyarsa.

Ya sa ma'aikaciyar wurin ta karanta masa takardar da ke ƙasa. Ta ce, "Daga Sakkwato. Ba a san wanda ya saƙa ba."

Tun da ya dawo Illela zama ya gagare shi. A rumfar albasa sai ya zaro waya ya duba hoton faifan da ya ɗauko, ya mayar, ya sake zarowa. Ran kasuwa ma bai tsaya an watse ba, ya hau babur sai Gidan Katta, ƙauyen Inna Zuwaira.

Ya tarar da tsohuwar tana tsage kaba a inuwar rumbu. Ta kai wayar daf da ido.

"Wanga nawa na. Ina ka gane shi?"

"Legas, Inna. Mutane na layi su kalle shi."

"Mi suke rufewa da shi?"

"Ba komi. Kallo kawai."

Ta tafa hannu. "Shekarar da na haifi Mukhtar na yi shi, hankalina rabe, layin ya kauce mini. Shi za su nuna wa duniya?"

"Ni sunanki nake so su rubuta."

"A ƙarƙashin wanga? A'a."

Sati uku tana saƙa wani, tana warwarewa. Shi kuwa kullum yana hanya tsakanin Illela da Gidan Katta, har ta ce in ya sake tsaya mata a ka za ta fasa.

Da lodi na gaba ya tashi, Halliru na gaban mota, sabon faifan naɗe cikin zane a cinyarsa, da takarda mai sunanta da na ƙauyenta. Bai san ko za su karɓa ba, bai ma san wa zai nema ba. Kafin su kai Sakkwato sau biyu ya ce wa direba ya ƙara wuta.