Tsaga Uku a Ƙarƙashin Kujera

Tun da safe takardar take cikin jakar Rawya, tsakanin ƙamus da littafin karatunta, kuma sau biyar ke nan tana ciro ta tana mayarwa. Alhaji Mitwalli, dillalin da ke fitar da kujerun mahaifinta daga birnin Dumyat na Masar zuwa Ingila, shi ya tare ta a bakin titi ya miƙa mata.

"Ke kika yi Turanci, ke za ki faɗa masa," in ji shi. "Ni ina son raina. Ranar nan da guduma ya rako ni har ƙofa."

Masu sayen sun duba kujeru arba'in na farko, sun ce aiki ya yi kyau, sai dai kowace kujera tana da rauni a ƙasanta. Ko a toshe shi a cikin ashirin ɗin da suka rage, ko su nemi wani kafinta.

Rawya ta san raunin da suke nufi. Tsaga uku ce a jere a katakon baya, ƙarƙashin mazauni, inda ido ba ya kaiwa. Kakanta ya fara yin ta, mahaifinta Usta Rizk ya gada. Ba ya tsaga kujera sai ya zauna a kanta, ya jingina, ya girgiza ta, ya ji ba ta yi kuka ba. Duk unguwar an san tsagar nan. In mace ta zo sayen kujerun ɗakin 'yarta, hannu take zurawa ta laluba kafin ta ce uffan.

A cikin motar haya Rawya ta buɗe ƙamus. Ashe Turawa ba su haɗa yanka da yanka. Gurbin da ake yi don katako ya shiga ɗan'uwansa, sunansa daban. Dogon layi mai zurfi da murfi ke zamewa a ciki, daban. Tsagar da aka yi da niyya tana da nata suna, haka ma ɗan yankan da ke fitowa in hannu ya kuɓuce. Wannan na ƙarshe suka rubuta. Ita kuwa tun lokacin sanyi take ganin kofin shayi yana rawa a hannun daman mahaifinta, sai ya yi wuf ya mayar hagu. A gidan babu wanda ya taɓa cewa ya gani.

Ta same shi a shago yana cin wake da gurasa a kan bencin aiki, garin katako har cikin girarsa.

"A'a, Baturiyar gidanmu! Me ya fito da ke daga cikin littattafai? Ko sun kore ki ne?"

"Baba, wasiƙa ce daga masu kujeru."

"To karanta mana. Amma da harshen mutane."

Ta karanta yabon a hankali, tana jan sa. Da ta zo kan rauni sai muryarta ta ƙanƙance. Usta Rizk ya ajiye gurasar.

"Rauni? Tsagar ubana ce rauni? Mutanen da ke haɗa kujera da ƙusa kamar akwatin tumatir!"

"Ba su sani ba ne, Baba. Sun ɗauka kuskure ne. Zan rubuta musu. Akwai kalmar da ta dace, na samo ta. In ɗauki hoto su gani da idonsu, uku ne cif, ba kuɓucewa ba ce."

"Rubuta. Ki ce musu shekara sittin babu kujerar da ta dawo gidan nan da karyayyar ƙafa."

Ta ji ɗan sanyi a ranta. Ta fara kifa tsohuwar kujerar kakanta da ke lungu. Tsaga uku, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, kamar an auna. Ta ɗauki hoto. Sannan ta jawo ɗaya daga cikin sababbin, ta durƙusa, ta kifa ta.

Ta farko daidai take. Ta biyu ta nutse fiye da kima. Ta uku ta karkace, ta ja wutsiya har gefen katakon, kuma kusa da ita akwai ɗan ƙwarzane inda ƙarfen ya fara sauka ba a wurinsa ba. Ta kifa wata, ta sake kifa wata. Duk haka suke.

Ba ta ɗauki hoto ba. Tana neman mayar da kujerar kan ƙafafunta da sauri sai ta ga inuwarsa a kanta.

"Bar ta," ya ce.

Ya sunkuya, ya bi tsagar da babban yatsansa, ya daɗe a kan mai wutsiyar. Shi da lalube yake yin ta daga ƙasa, ba ya kifa kujera ya duba, haka aka koya masa. A maƙwabta injin yankan katako yana ta ihu.

"Kin san da wannan?"

"Kofin shayi kawai na gani, Baba."

"Mamarki fa?"

Ta kawar da idonta zuwa kan kujerar. Ya gyaɗa kai.

"Wannan kalma tasu, ta hannu ya kuɓuce. Ita suka rubuta, ko?"

"Ita ce."

"To ba su yi ƙarya ba. Kada ki gyara musu."

"Amma kujerun lafiya lau suke! Kai ka zauna a kansu, kai ka..."

"Lafiya lau suke. Ɗauko min gam da garin katako mai laushi, yana cikin gwangwanin can."

Ta ɗauko. Ya kwaɓa a murfin gwangwanin, ya ɗiba da bakin wuƙa, wuƙar tana rawa ƙiri-ƙiri, kuma yau bai mayar da ita hagu ba. Sau biyu yana kai ta kan tsagar tana gocewa.

"Riƙe min kujerar, 'yata. Motsi take yi."

Kujerar ba ta motsi. Rawya ta sa hannu biyu ta riƙe ta gam.